Darasi: Wane Abin Toyi Za Mu Kai Gasa?

Ƴan uwa ɗalibai na cibiyoyin yaƙi da jahilci, musamman matan Dawce da garuruwan kewaye, darasinmu na wannan karo ya shafi wata gardama da kan taso cikin ƙungiyoyi duk sa'ad da sanarwar gasar toye-toye ta iso. Wasu su ce a kai masa, wasu su ce alkaki ya fi daraja, ƴan matan ciki kuwa su dage sai gato irin na birni. Gardamar tana da nauyi. Kuɗin da za a kashe daga akwatin asusu za su fito, kuma duk abin da aka ɗora bisa faranti, sunan ƙungiya ne da na gari aka ɗora. Wadda ta burge jama'a a ranar gasa takan samu masu saye har bayan watanni. Wadda kayanta suka lalata wa wani ciki kuwa, ba a saurin mantawa da ita.

Irin waɗannan taruka sun yawaita a ƙasarmu. Akwai ranar matan Nijar, 13 ga watan Mayu, wadda ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a shekarar 1991 don neman a ƙara musu wakilci cikin shirin babban taron ƙasa. Akwai ranar matan karkara ta duniya, 15 ga Oktoba, da ranar abinci ta duniya washegarinta. A Yamai an fara kasuwar baje kolin sana'o'in mata, SAFEM, a shekarar 2000, an kuma fara bikin gero, FESTIMIL, a 2019. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa. Ke nan hatsin da ke cikin rumbunku ya samu shiga gaban manyan baƙi, ba abin jin kunya ba ne.

Tambaya ta farko: ina, kuma yaushe?

Kafin a taɓa turmi, sai shugabar ƙungiya da magatakarda su nemi ƙa'idojin gasar, su rubuta su cikin littafi. A wurin za a toya, ko daga gida za a kawo? Da wane lokaci alƙalai za su ɗanɗana? An ce lalle sai da amfanin gonar gida? Amsar waɗannan ita kaɗai takan raba rabin gardamar.

Masa da ƙosai da funkaso daɗinsu yana tare da zafinsu. Idan a filin gasa za a hura wuta, masar gero da ta sha tsami daidai tana da wuyar kayarwa. Amma masar da aka toya da asuba, aka rufe cikin kwano, aka ɗora bisa babur zuwa Matamai, alƙalai ba su zo kanta ba sai bayan azahar, ta riga ta yi gumi ta saki jiki. Idan tafiyar Damagaram ce, wadda ta ɗara kilomita 80 daga Matamai, ko ta Yamai mai kusan kilomita 900 daga Damagaram, to sai a koma ga masu jimiri: alkaki, nakiya, dakuwa, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, ko biskitin gero. Abin da ke sa su daɗe shi ne ƙarancin ruwa a jikinsu, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa yaɗuwa sai da laima.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Ranar 13 ga Mayu tsakiyar bazara ce, zafi kan haura digiri 40. Gaton da aka shafe da man shanu ko madara zai narke tun kafin a gama jawabin buɗe taro, kuma abin da aka haɗa da ƙwai da madara ya fi kowane saurin lalacewa cikin zafi. A watan Oktoba kuwa kaka ta yi, sabon hatsi da sabuwar gujiya suna hannu, farashinsu ya sauko.

Batun gato

Babu laifi ga mai son koyon gato, sana'a ce mai kawo kuɗi a lokacin biki da suna. Sai dai ra'ayina shi ne ƙungiyar karkara kada ta kai shi gasa sai in ta riga ta saba yinsa. Dalilai uku ne. Na ɗaya, fulawa da bota da hodar gato duk sayensu ake yi, yawancin alkamar da ake ci a ƙasarmu kuma daga waje take zuwa. Kun ga yadda farashin fulawa ya tashi a 2022 sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, da yadda kaya suka yi wuya a nan yankinmu na bakin iyaka bayan rufe kan iyaka a 2023. Na biyu, gato yana son wuta madaidaiciya. Ana iya gasa shi cikin babbar tukunya da aka zuba wa rairayi a gindi, a ɗora garwashi bisa murfi, amma wannan dabara sai da yawan gwaji, in ba haka ba baya ya ƙone ciki yana ɗanye. Na uku, a fagen gato za ku kara ne da matan birni masu tanda ta gas, alhali a fagen gero da gujiya su ne ke bin bayanku.

Wadda duk da haka take son abin da ya yi kama da gato, akwai hanya ta tsakiya, wato a gauraya garin gero da fulawa. Sai a san abu guda: alkama tana da wani danƙo da ke riƙe iska har ƙulli ya kumbura, gero ba shi da wannan danƙon. Shi ya sa idan gero ya yi yawa, gato yakan kwanta ya yi ta marmashewa. A Senegal, cibiyar binciken fasahar abinci ta Dakar ta fitar da burodi mai kashi 15 cikin 100 na gero, saura alkama. Gato yana iya ɗaukar fiye da haka saboda ƙwai yana taimaka masa. A fara da gwangwani ɗaya na gero cikin uku na fulawa, a gani. Biskiti kuwa, da yake ba ya bukatar kumburi, gero zai iya rinjaye a cikinsa.

Lafiyar mai ci

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin alƙali na iya yafe ƙarancin sukari, amma ciki ba ya yafiya.

Mu fara da gujiya, tunda ita ce gindin ƙuli-ƙuli da dakuwa da man da muke toyi da shi. Gujiyar da ba ta bushe sosai ba, ko ta sha laima a ajiya, ko ƙwari suka huda ta, takan yi fumfuna. Wannan fumfuna tana haifar da wata guba da ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gujiya da ta gurɓata. Gubar tana cutar da hanta, yawan cinta shekara da shekaru yana jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Abin da ya kamata kowa ta riƙe shi ne wuta ba ta kashe ta. Suya ko tafasa ba sa raba gujiya da ita. Maganin kawai shi ne tsinta: a baza gujiya bisa faifai da rana tsaka, a fitar da duk wadda ta yanƙwane, ta canza launi, ta fashe ko take da ɗaci. Wadda aka fitar kada a ba yara, kada kuma a ba akuya ko saniyar tatsa, don gubar tana biyowa cikin nono.

Sai gero. A rege shi da kyau, domin tsakuwa guda a haƙorin alƙali ta isa ta rushe aikin mako. Kada a wuce kima wajen surfe, saboda wani kaso na sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana tafiya tare da dusa. Garin gero kuma ba ya son ajiya: yana da maiƙo a jikinsa, bayan ƴan kwanaki sai ya fara ɗaci da warin tsufa. A niƙa shi ana gobe ko jibi za a yi aiki. Barin ƙulli ya kwana ya yi tsami, kamar yadda iyayenmu ke yi wa masa, yana da amfanin da ya wuce daɗin baki, domin tsamin yana sa jiki ya fi samun sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi. Waɗanda suka shuka irin gero mai suna Chakti, wanda aka fitar a Nijar a 2018 da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT da INRAN, suna da abin faɗa wa alƙalai, tunda an zaɓo shi ne saboda yawan wannan sinadari, ga shi ƙarancin jini ya addabi mata da yara a ƙasarmu.

Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, a bar shi. Yana ɓata launi da ƙamshi, kuma ba shi da kyau ga jiki. Ƙwai a gwada shi cikin kwanon ruwa: sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya taso sama a jefar. Kanwa kaɗan ta isa. Alkaki ko nakiyar da aka yi da zuma kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba, ko da a wurin taro ana raha. Wanke hannu da sabulu, yanke farce, ɗaure kai da rufe kaya daga ƙuda da ƙura, waɗannan kun sha jin su a likita. Wadda take fama da zawo ko gyambo a hannu ta huta a ranar, sauran su yi.

Lissafi

Ga misali don aikin allo. Farashin nan na koyo ne kawai. Kowace cibiya ta sa na kasuwarta na ranar.

Mu ɗauka gato zai ci fulawa kilo 2 a kan sefa 1,400, ƙwai 12 a kan 1,500, sukari kilo 1 a kan 700, bota 1,400, gawayi da hoda 500. Jimla 5,500, wato jikka biyar da rabi. In an yanka shi gida 40, aka sayar da kowane yanki 150, an samu 6,000. Riba 500 ke nan, in duk ya shiga a ranar.

Biskitin gero da gujiya kuwa: gero tiya 1 a kan 800, ɓararriyar gujiya 700, fulawa rabin kilo 350, sukari rabin kilo 350, mai 500, niƙa da gawayi 300. Jimla 3,000. In ya ba da guda 160, kowane dala biyar, wato sefa 25, an samu 4,000. Riba 1,000, kuma wanda bai shiga yau ba zai kai ranar kasuwa mai zuwa. Ku lura da wani abu: ɗan makaranta yana iya fitar da dala biyar, amma mutum nawa ne a Dawce za su sayi yankin gato na dala talatin ranar da ba biki? Gasa wuni ɗaya ce, abin da aka kai kuwa ya kamata ya zama wanda za a ci gaba da sayarwa a gida. Geron da gujiyar ko da daga rumbunku suka fito, a sa musu kuɗi cikin lissafi, don ba kyauta gona ta ba da su ba.

Gwaji kafin ranar

Idan zaɓi ya rage tsakanin abu biyu, kada a yanke da yawan surutu ko da girman shekaru. A toya kowanne kaɗan, a sa cikin kwanoni iri ɗaya, a ba mutum goma su ɗanɗana ba tare da sun san wadda ta yi ba. Kada a tambayi miji ko ɗa, kunya da kara ba za su bar su su faɗi gaskiya ba. Kowane mai ɗanɗano ya jefa tsakuwa gaban kwanon da ya fi so, a ƙirga. Sannan a ajiye ragowar daidai tsawon lokacin da za a ɗauka daga gida zuwa gaban alƙalai, a sake ɗanɗanawa. Sau da yawa wanda ya yi nasara da zafinsa ba shi ke yin ta bayan wuni ba.

Wanda aka zaɓa a toya shi sau uku kafin gasa, da ma'auni guda. A cibiyoyin da nake zagayawa, matan da suka fi gwaninta su ne suka fi ƙin awo, sai su ce hannunsu ya sani. Hannu ya sani, amma ranar da mai hannun ta yi baƙi ko ta tafi unguwa fa? A ɗauki gwangwanin tumatir ɗaya da ludayi ɗaya su zama na ƙungiya, magatakarda ta rubuta: gero gwangwani kaza, sukari kaza, mai ludayi kaza. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, sun nuna cewa matan karkara suna iya riƙe lissafin kuɗinsu daram. Riƙe lissafin gari da sukari bai kai wannan wuya ba.

A ƙarshe sai takardar da za a liƙa jikin kaya. A rubuta da Hausa, da hannu mai kyau: sunan abin, sunan ƙungiya da garinta, abubuwan da ke ciki, da ranar da aka yi. A ambaci gujiya musamman, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan. Kada a ƙulle abu cikin leda yana da ɗumi, zai yi gumi ya yi fumfuna; kada kuma a hura leda da baki don a buɗe ta. A zaɓi mace guda mai natsuwa wadda za ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi yadda aka yi da abin da aka kashe, tana duba littafinta.

Aikin cibiya

1. Ku rubuta sunayen toye-toye biyar da ake yi a garinku, da kwanakin da kowanne ke yi kafin ya lalace.
2. Ku sake lissafin biskitin gero da farashin kasuwarku. Nawa ce ribar?
3. Kowace ɗaliba ta zo da gujiya cikin tafi biyu, a tsince ta tare, a ƙirga ƙwaya nawa aka fitar cikin ɗari.