Danshi da farantin sola na roba: daga ina gyara zai fara?

A sababbin farantan sola, irin na perovskite da na sinadaran roba, ana shafa wata siririyar shimfiɗa mai suna PEDOT:PSS domin ta kwashi wutar da hasken rana ya haifar. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya samar da PEDOT a ƙarshen shekarun 1980. PEDOT ne ke ɗaukar wuta, amma shi kaɗai ba ya narkewa, sai aka haɗa shi da PSS don a dama shi cikin ruwa. To, PSS ɗin nan mayen danshi ne, ga tsamin asid. Idan ya sha laima sai ya kumbura, asid ɗin ya ci fatar ITO mai ɗaukar wuta da ke kan gilashin farantin, perovskite kuma ya ruɓe ya koma sinadarin dalma ruwan ɗorawa.

Shawarata ga masu bincike ita ce su fara gyara shimfiɗar kanta tun kafin maganar marfin da ke rufe farantin. A zuba ɗan DMSO ko ethylene glycol a cikin damin, ko a wanke fuskar da methanol: hakan yana rage rarar PSS, yana kuma ƙara gudun wuta. A gasa ta a zafin digiri 120 zuwa 150 har ruwan da aka dama ta da shi ya fita. Sannan a ɗaure zaren robar shimfiɗar da juna da sinadari irin GOPS, yadda ruwa ba zai sake wargaza ta ba.

Wani zai ce ai marfin gilashi biyu da robar butyl a gefe sun isa. Ba su isa ba, domin danshi ta gefe yake kurɗawa sannu a hankali, kuma marfi ba ya maganin asid da ragowar ruwan da aka rufe a ciki. Gwajin IEC 61215 yana ajiye faranti awa 1000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85, kuma a nan asirin irin wannan aiki ke tonuwa. Masu cewa GOPS yana rage gudun wuta suna da gaskiya, shi ya sa kaɗan ake sawa, a auna ribar da asarar. Inda asarar ta yi yawa, nickel oxide ko 2PACz za su iya maye gurbin PEDOT:PSS, sai dai shafa su daidai a faffaɗan faranti ya fi wuya.