Haƙƙoƙin Da Saki Ba Ya Kayarwa

A Sakajiki da sauran ƙauyukan ƙasar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, al'ada ce da zarar mace ta karɓi takardar saki ta ɗaure kayanta ta nufi gidan iyayenta tun kafin rana ta faɗi. Miji kuwa ya ɗauka da ma iyakar nauyinsa ke nan. Wannan ya saɓa wa farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, inda Allah Ya hana a fitar da matar daga ɗakinta, Ya kuma hana ta fita da kanta.

A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita tun kafin Jihar Zamfara ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, mai sakin kome matar mutum ce har ta gama idda, wato tsarki uku. Ci da tufafi da mazauni duk suna wuyansa, in ɗayansu ya rasu a cikin iddar ɗayan zai gāje shi. Wadda aka yi wa saki uku tana da mazauni kawai, sai fa in tana da ciki, to a ciyar da ita har ta haihu.

Inda rigima ta fi tsanani shi ne dukiya. Sadaki nata ne, ba a taɓa ko kwabo, sai in an rabu kafin a tare, a nan rabi gare ta. Haka kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da tumakin da ta kiwata, da geron gayaunarta. Sau da yawa wannan gero a rumbun maigida aka zuba shi, ko kuwa ta sayar da akuyarta ta ba shi rance ya sayi taki, ba shaida ba rubutu, don kunya. To bashi bashi ne, saki bai yafe shi ba. In suka yi jayayya a kan kayan gida babu hujja, malamai sun ce abin da aka san na mata ne a ba ta bayan ta rantse, na maza kuwa a ba shi da tasa rantsuwar. Akwai kuma masu ƙuntata wa mace har ta gaji ta fanshi kanta da hul'i. Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wadda aka cutar har ta yi haka, a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata.

Sai 'ya'ya. Uwa ta fi kowa cancantar riƙonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sannan innarsu, ba ga kishiya ba. Ciyarwa dai tana kan uba duk inda suke, gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ɓarayin shanu suka kore wa garke ba za a ɗora masa abin da aka ɗora wa attajirin kasuwar Shinkafi ba, amma ko tiya biyu ce ta dawa, wajibi ne ta isa gidan da yaran suke kwana.