Keso Ɗaya a Kan Allo

Kafin Turawa su zo Zazzau a 1902, da wuri a ke ciniki a kasuwar birnin Zariya. Kadan wuri ya yi yawa, sai a ƙirga zambar ashirin, watau 20,000, a ɗinke cikin tabarma, a kira shi keso ɗaya. To, bari mu ɗora wannan adadi a kan allo mu ga halinsa.

Kadan ka yi ta raba shi biyu, za ka raba har sau biyar, ka iso 625. Nan biyu ta ƙi. Sai ka koma wa biyar, ita kuwa sau huɗu za ta shiga, ka tarar da ɗaya. Ashe keso duka biyu-biyu ne guda biyar da biyar-biyar guda huɗu, an riɓa su da juna, ba wata lamba a cikinsa. Daga nan a ke sanin lambobi 30 ne ke raba shi ba saura. In ka tara su duka ban da shi kansa, jimla 29,203 ce. Tun da ta fi shi yawa, malaman hisabi na Larabawa su kan sa shi cikin za'idi, ba naƙisi ba, ba kuwa tammi ba, irin 6 da 28.

Amma duk da wannan yalwa, keso ba ya rabuwa uku, ga gado kuwa bai san haka ba. A ce mutum ya rasu ya bar keso ɗaya, da mata, da uwa, da ɗa. Sumunin matar ya fita sarai, 2,500. Sudusin uwa fa? Kadan aka raba 20,000 gida shida, kowane gida 3,333, wuri biyu su yi saura, uwa tana da sulusin wuri guda a ciki. Wuri kuwa ba a gutsura shi. Abin ƙanƙane ne, amma alƙali ba ya son ƙanƙanen haƙƙi a wuyansa.

Yanzu ƙara wuri 160 kaɗai, ya zama 20,160. Nusufi 10,080, sulusi 6,720, rubu'i 5,040, sudusi 3,360, sumuni 2,520, kowa ya ɗauka ba gardama. Har bakwai da tara suna raba shi. Masu raba shi 84 ne, ba kuwa wani adadi a ƙasa da shi da ya kai haka. Wani Bahindiye, Ramanujan, ya yi rubutu a kan irin waɗannan a 1915. A ganina wannan ya fi keso daraja nesa, ko da ya ke keso ya fi daɗin ƙirga da yatsa.

Wanda zai koyar da wannan a aji, ya sa yara su lissafa mintocin mako biyu tukuna, kada ya gaya musu amsa.