Ɗan biɗa da cimakar ɗiyansa

Bayan girbi, mazan Kurfai suna barin Filinge, su tafi biɗa Abijan ko Ikko. Yanzu wasu har Amurka suke kai. Tafiya ba ta sauke wa uba nauyin ci da suturar ɗiyansa, ko da ya saki uwarsu.

A Amurka, in baƙo ya nemi zama ɗan ƙasa, hukuma tana duba halinsa na shekara 5 baya. Yana ciyar da ɗiyansa? Har waɗanda ya baro gida ana tambaya. In da gangan ya ƙi, ana iya hana shi takarda. Rashi dabam, ƙi dabam.

Don haka mai aiko kuɗi ya adana takardar shaidar kowane aike. Kuɗin da aka damƙa wa direba ba su barin shaida.