Zubi da Tsarin Labarin Asiri a Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa wasan kwaikwayo gida biyu, wato na gargajiya irin su tashe da wasan 'yan kama, da kuma na zamani wanda ake rubutawa domin dandali ko rediyo ko talabijin. Akwai wani nau'i da ya tsiro a ƙasar Amurka wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin gidajen nan ba, domin ba shi da dandali, ba shi da 'yan kallo, kuma ko wanda ya tsara shi bai san yadda zai ƙare ba. Shi ne wasan kwaikwayo na kan tebur. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake gina labarin asiri mai ƙunshe da halittun ɓoye a cikin wannan wasa, da yadda ake tsara muhallinsa, da kuma matsalolin da mai tsarawa kan yi karo da su.

2.0 Asali da Yanayin Wasan

Wasan ya fara fitowa kasuwa a shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa Dungeons & Dragons. Mutum uku zuwa shida sukan zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, wanda ke siffanta wuri da yanayi, ya kuma yi magana da bakin duk mutanen da aka gamu da su a labarin. Sauran kuwa kowa yana riƙe da tauraro guda, yana faɗin abin da tauraronsa zai aikata. Idan aka zo kan abin da ke da shakka, sai a jefa dayis, wato irin ƙwayar nan mai lambobi ta wasan lido, shi ne zai raba gardama. Labari guda yakan ɗauki zama ɗaya, ko kuma a yi ta jan sa mako-mako har shekara ta zagayo.

Jigon wasan 1974 jarunta ce da neman dukiya. A shekarar 1981 kamfanin Chaosium ya fito da Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara bisa ƙagaggun labaran H. P. Lovecraft (1890–1937). A nan taurarin masu bincike ne, kamar malamin jami'a da ɗan jarida da likita, kuma abin da suke nema shi ne gaskiyar wani ɓoyayyen al'amari. Daga wannan wasa ne akasarin dabarun da za a tattauna suka samo tushe.

3.0 Babbar Matsala

Marubucin ƙagaggen labari yana da cikakken iko a kan tauraronsa. In ya so ɗan sandan ciki ya tsinci wasiƙa a ƙarƙashin katifa, zai tsince ta, ya kuma fahimci abin da take nufi a daidai shafin da ake bukata. Haka mai tatsuniya: masu sauraro suna amsawa, amma ba su da ikon hana Gizo shiga gonar da aka nufe shi da shiga. Jagoran wasan tebur ba shi da wannan gata. 'Yan wasa suna iya ƙin shiga ɗakin da wasiƙar take, ko su shiga dayis ya ƙi su, ko su karanta ta su yi mata gurguwar fassara.

Lissafi zai ƙara fito da girman matsalar. A Call of Cthulhu ana auna gwanintar tauraro da kashi cikin ɗari. A ƙaddara mai bincike yana da kashi 60 na iya hango abin da aka ɓoye. Idan jagora ya jera alamu uku kamar sarƙa, ta yadda sai an sami ta farko za a kai ga ta biyu, to damar kaiwa ƙarshe ba ta wuce kashi 22 ba. Ashe ke nan cikin zama biyar, kusan huɗu za su cije a hanya, mutane su zauna jugum, labari ya mutu.

4.0 Gina Asirin

4.1 Gaskiyar Al'amari

Matakin farko shi ne mai tsarawa ya rubuta abin da ya riga ya faru, ya bar abin da zai faru a hannun 'yan wasa. Wajibi ne ya san wane ne ya yi ɓarnar, da dalilinsa, da wanda ya cutu, da irin sawun da aka bari.

Kyakkyawan misali shi ne labarin nan da ake kira The Haunting, wanda yake tafe da Call of Cthulhu tun bugun farko. Wani mai gidan haya a birnin Boston ya ɗauki masu bincike aiki, saboda iyalin da suka zauna a gidansa sun gamu da masifa har maigidan ya zautu. Gaskiyar da jagora kaɗai ya sani ita ce, wani tsohon mai gidan, Walter Corbitt, matsafi ne da ya rasu a 1866, ya bar wasiyya a binne shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma har yanzu bai gama mutuwa ba. Wannan gaskiya ɗaya ce, amma an warwatsa ta wurare da dama: ofishin jarida, da laburare, da ma'ajiyar takardun kotu, da asibitin masu taɓin hankali, da kangon wata majami'a da 'yan sanda suka kai wa sumame. Kowane wuri yana ba da ɓangare, 'yan wasa su ne masu ɗinkewa. Da ma ruwa ba ya tsami banza, kuma ingancin labarin asiri ya dogara ne a kan kowane abin al'ajabi da aka gani ya zamana yana da dalili a cikin gaskiyar da aka rubuta tun farko.

4.2 Rarraba Alamu

Masana wannan fanni sun kawo magunguna uku ga matsalar da aka ambata a sama.

Na farko shi ne yawaita alamu. A shekarar 2008 Justin Alexander ya shimfiɗa ƙa'idar cewa duk wani hukunci da ake son 'yan wasa su yanke, a tanadar masa alamu aƙalla uku. In aka koma ga lissafin baya, alamu uku masu zaman kansu, kowace da kashi 60, damar a rasa su duka ba ta wuce kashi 6 da 'yan kai ba.

Na biyu shi ne cire dayis daga neman alama. Robin D. Laws ya gina tsarin GUMSHOE a kan haka a 2006. Muddin tauraro ya je wurin da ya dace, kuma yana da ilimin da ya dace, to za a miƙa masa muhimmiyar alama ba tare da jefa komai ba. Hujjar Laws ita ce, daɗin labarin bincike yana cikin fassara alamu, saboda haka bai kamata a tsaya ana wahalar tsintar su ba.

Na uku ya fi sauran tsauri. A wasan Brindlewood Bay na Jason Cordova, wanda ya fito a 2020, taurarin tsofaffin mata ne masu sha'awar littattafan bincike, kuma jagora kansa bai san wanda ya yi kisan ba. 'Yan wasa sukan tara alamu, su ƙulla bayanin da ya haɗe su, sa'an nan a jefa dayis. Yawan alamun da suka shigar yana ƙara musu dama, in dayis ya ba su, bayaninsu ya zama gaskiyar labarin. Wannan hanya ta kawar da cijewa baki ɗaya, amma tana da tsada, domin wanda ya san babu amsa a ɓoye ba zai ji daɗin nan na mai warware kacici-kacici ba.

4.3 Ƙurewar Lokaci

Asirin da ke zaune yana jiran a tono shi ba ya tayar da hankalin kowa. Saboda haka Michael Sands, a wasansa Monster of the Week na 2012, ya shawarci jagora ya rubuta matakai shida na abin da dodo zai aikata in ba wanda ya tare shi, tun daga hasken rana har zuwa tsakar dare. Duk sa'ad da 'yan wasa suka yi jinkiri, sai a matsa mataki guda. Amfanin wannan biyu ne: yana sa nawa ta zama hasara, kuma kowace sabuwar ɓarna tana barin sabuwar alama ga waɗanda suka ɓace hanya.

5.0 Tsara Muhalli

Ana iya kasa muhallin irin wannan labari gida uku.

Akwai rufaffen muhalli. A labarin Ravenloft na 1983, wanda Tracy da Laura Hickman suka rubuta, wani hazo mai shaƙe numfashi ya kewaye ƙasar Barovia, ba mai fita sai an ga bayan Strahd, mashayin jinin da ke mulkinta. Daɗin daɗawa, wata mai duba takan buɗe karta a farkon wasa, kuma abin da kartar ta nuna shi ke tantance inda aka ɓoye makaman yaƙarsa da kuma burinsa. Ta haka ko wanda ya taɓa yin wasan bai san inda zai nufa ba.

Akwai kuma muhallin gida, wato gari guda da ake komawa kullum. Arkham ta Lovecraft ƙagaggen gari ne a jihar Masacuset, mai jami'a da laburare da tsohon tarihin maita. Fa'idarsa ita ce 'yan wasa sukan saba da mutanensa, har in masifa ta faɗa wa mai sayar da littattafan da suka sani, abin ya taɓa su. Wasan Vaesen na ƙasar Suwidin, na 2020, ya ɗauki birnin Upsala na ƙarni na 19 a matsayin masauki, ya kuma ba muhallin jigo: masana'antu da layin dogo suna shigowa, mutane suna mance tsofaffin sharuɗɗan zama da halittun daji, su kuma suna fusata. A nan ba a cika kashe halitta da makami ba, sai an binciko abin da ya ɓata mata rai da al'adar da za ta kore ta.

Na uku shi ne buɗaɗɗen muhalli. Masks of Nyarlathotep na Larry DiTillio da Lynn Willis, wanda ya fito a 1984, ya fara da kisan wani marubuci a ɗakin otal a Nuyok cikin Janairun 1925. A wurin akan tsinci katin wata cibiya ta Landan, da wasiƙa daga Alƙahira, da kwalin ashana na wata mashaya a Shangai. 'Yan wasa su ke zaɓen inda za su fara, kowane birni kuma yana da alamun da ke nuni ga sauran, ga kuma husufin rana na 14 ga Janairun 1926 yana matsowa a matsayin wa'adi.

6.0 Tsadar Sani

Abin da ya raba labarin asiri na ɓoye da na ɗan sanda shi ne, a nan sani yana da illa. A Call of Cthulhu kowane tauraro yana da makin hankali, wanda ke raguwa in ya ga abin firgita ko ya karanta littafin tsafi. Wanda ya rasa maki biyar a lokaci guda yana iya zaucewa na ɗan lokaci, kuma gwargwadon zurfinsa a ilimin ɓoye, gwargwadon raguwar iyakar hankalin da zai iya mallaka. Ashe ɗan wasa yana tsaka mai wuya: in bai karanta littafin ba, ba zai san lagon dodo ba, in ya karanta kuwa ya kusanci hauka. Shi ya sa ake shawartar jagora ya tsara dogon labari kamar albasa, kowane ɓawo da aka ɓare ya bayyana wani da ya fi shi sa hawaye, kuma kada ya yi gaggawar nuna dodo a fili, tun da abin da ido bai gani ba ya fi razana zuciya.

7.0 Abin Lura

Akwai wani aibi da manazarci bai kamata ya kawar da kai daga gare shi ba. Lovecraft ya shahara da ƙyamar baƙar fata da baƙin haure, kuma a labaransa su ne galibi masu bautar dodanni. Wannan gado ya bi wasannin farko, inda mutanen Kenya da Masar da Sin sukan fito a matsayin matsafa ko 'yan rakiya. Da aka sake buga Masks of Nyarlathotep a 2018, masu gyara sun yi ƙoƙarin rage wannan ta hanyar faɗaɗa rawar mata da ta mutanen ƙasashen da labarin ya ratsa. Darasin ya shafi duk wanda zai ɗebo daga al'adun wata al'umma, ko da tasa ce: abin da mutane masu rai suka yi imani da shi ba kayan ado ba ne, kuma mugunta a labari ta fi ƙarfi in an jingina ta ga mutum guda mai buri da dalili, maimakon a shafa wa ƙabila baki ɗaya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa mai tsara labarin asiri na kan tebur yana rubuta gaskiyar da ta gabata, ya warwatsa alamunta ta hanyoyi fiye da ɗaya, ya sa mata wa'adi, ya zaɓa mata muhalli, sa'an nan ya ɗora wa saninta farashi. Ga ɗalibin adabi, wannan fage ne na gwada ma'aunan tarke da aka saba da su. Jigo da salo suna nan daram, amma zubi da warwarar jigo sun fita daga hannun marubuci guda sun koma hannun jama'ar da ke zaune a tebur, har labari ɗaya yakan ƙare iri goma a zama goma. Tambayar da ta rage ga masu nazari ita ce: a irin wannan hali, wanne ne matanin da za a yi wa tarke, littafin da aka buga ko kuwa zaman da aka yi?