Yusufu da Rumbunan Masar

Karatu: Farawa 41:25-57

Sa'anda muke koya wa yara labarin Yusufu, mukan tsaya a kan mafarkin Fir'auna: shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Amma ku duba aya ta 33. Yusufu ya gama fassara, ba wanda ya nemi shawararsa, sai ya ci gaba. Ya ce a nemi mutum mai hankali, a naɗa wakilai bisa ƙasar, a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona dukan shekaru bakwai na ƙoshi, a tara cikin birane. Da ya yi shiru bayan fassara, da Masar ta san lokacin yunwarta sarai, ta kuwa mutu da saninta. Ku lura kuma, sai bayan wannan shawara ne Fir'auna ya shaida Ruhun Allah yana cikinsa. Ashe lissafin hatsi ma aikin Ruhu ne.

'Yan'uwa, mu ba mu bukatar mafarki. Kowa ya sani bayan kaka bazara tana zuwa, waɗanda suka ga farin 1973 kuwa sun san shekara takan ƙi. Duk da haka ga mai bi, ya san ayoyi da ka, ba ya fashin sujada, amma da an ɗaure dawa sai ya kwashe ta kasuwa da araha domin biki da sabuwar riga. Kafin a yi noman fari rumbu ya zama wayam, ya shiga cin bashi da ruwa, ya bar gonarsa yana ƙwadago a ta wani. Maƙwabtansa da ba su bi suna kallo.

Wani zai ce, ai Ubangiji Yesu ya nuna mana tsuntsaye, ba su da rumbu. Gaskiya ne, amma cikin Matta 6 alhini ya hana, bai hana tanadi ba. Mai arzikin nan na Luka 12 kuwa, laifinsa shi ne ya tara domin kansa kaɗai. Yusufu ya tara, ya buɗe wa mayunwata, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci.

Dattawan ekklesiya, kafin kakar bana ku zauna da magidanta ku ƙirga dami nawa kowane gida yake ci kafin sabon gero ya nuna. Ku sa gidajen gwauraye mata cikin lissafin.