Kada Ka Yi Wa Kusko Hawan Ƙawara

Ɗana, babarka ta ce ka gama shiri, ka sayi jakar goyo, za ka zaga ƙasar Peru a motar haya. Ban ga laifin wannan ba, Allah Ya tsare hanya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsarin da aka ce ka yi, wai ka sauka Lima yau, gobe ka hau bas ɗin da zai kai ka Kusko kai tsaye. Ina so ka sake duba shi.

Lima a bakin teku take. Kusko kuwa tana kan tsaunukan Andis, wajen mita 3,400 sama da teku, kusan ninki uku na tudun Jos ke nan. Bas ɗin da ke bi ta Naska da Abankai yakan ci fiye da awa 20, kuma rabin hanyar kwana ce bisa kwana a gefen dutse. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu yadda ta ƙasa ke yi, don haka baƙon da ya hau a dare ɗaya yakan sauka da ciwon kai, da tashin zuciya, da haki ko matakala goma ya taka. Ƙarfin samartaka ba ya hana wannan. Jiki lokaci kawai yake nema, kuma gara ka ba shi da kanka da ya ƙwata kana kwance a masauki, kuɗin kwana na tafiya.

Ka bi ta kudu. Hanyar bakin teku miƙaƙƙiya ce, hamada a hagu, ruwa a dama. Ka yada zango a Ika ko Naska in ka ga dama, sannan ka wuce Arekipa, wadda ke wajen mita 2,300. Nan nake so ka yi kwana biyu ko uku. Gari ne da aka gina tsakiyarsa da farin dutsen aman wuta, ga dutsen Misti tsaye a kansa, ga gidan ibadar mata na Santa Katalina da aka kafa a 1579, mai lunguna kamar ƙaramar unguwa. Kana yawon kallo jininka na sabawa da tudu ba ka sani ba. Daga nan zuwa Kusko tafiyar dare ɗaya ce, kamar awa 10. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun mota kuma, kada ka yi ƙoron kuɗi a tafiyar dare. Kujeru iri biyu ake sayarwa, semi-cama mai ɗan kwantawa, da cama mai faɗi wadda ke kwantawa sosai, galibi a hawan ƙasa na bas. Ka sayi ta biyun, ai kuɗin masaukin daren ne ka mayar can. Ka zaɓi sanannen kamfani, irin su Cruz del Sur, inda ake duba fasfo kafin a hau, a ba ka tikitin kaya, kuma ba a tsayawa ɗibar fasinja a hanya. A Lima manyan kamfanoni da yawa kowa da tasharsa, saboda haka ka karanta adireshin da ke kan tikiti tun da wuri. Babbar jaka ta shiga but, amma fasfo da kuɗi da waya su kwana a jikinka. Ka ɗauki rigar sanyi da safa, don sanyin tsauni da na na'urar mota sukan haɗu wa mutum cikin dare. Sallah kuma, kai matafiyi ne, ka san hukuncin ƙasaru. Ka yi alwala tun a tasha, ban ɗakin mota ba wurin yin ta ba ne.

Ka bar rarar kwana a lissafinka. Daga Disamba zuwa Maris damina ce a tsaunuka, ƙasa kan zabtaro ta rufe titi. Masu zanga-zanga ma kan tare hanya. A farkon 2023 har Machu Picchu, shahararren wurin tarihin yankin Kusko, sai da aka rufe na makonni. Kada ka sa ranar jirginka ta biyo bayan ranar bas kai da kai.

In ka isa Kusko, ranar farko ka ci kaɗan, ka sha ruwa, ka yi tafiyar tsofaffi. Akwai tikitin kwana 10 da ke shigar da mutum wurare 16, kuma masu shi sukan yi ta gudu don su cinye kuɗinsu. Ni da zan zaɓar maka, da ka yi rabin yini a Korikanca, ɗakin bautar rana na Inkawa, masu mulkin yankin a da, wanda Sifaniyawa suka ɗora cocin Santo Domingo a kansa. Girgizar ƙasa ta 1950 ta farfasa ginin cocin, bangon Inkawa na ƙasa kuwa, da aka jera duwatsunsa ba tare da laka ba, yana nan tsaye. Sai ka shiga kasuwar San Pedro ka zauna a bencin masu abinci. Ka koyi tambaya da Sifaniyanci ko akwai alade a ciki, domin namansa da kitsensa suna shiga girki da yawa. Abin sha kuma, chicha morada, ta baƙar masara, ba ta sa maye. Chicha de jora kuwa burkutu ce.

Za a miƙa maka shayin ganyen koka a masauki, don mutanen tsauni da shi suke maganin tudu, kuma dokar Peru da ta Boliviya ba ta hana ba. Amma wasu ƙasashe sun hana shi, don haka kada ko ganye ɗaya ya biyo ka filin jirgi a matsayin tsaraba. Haka kuma ɗabi'armu ta karɓar saƙo a tasha, "don Allah miƙa wa wane", ka bar ta a gida. A wannan hanya duk abin da aka samu cikin kayanka naka ne a wurin 'yan sanda, ko da tsohuwa mai fara'a ce ta ba ka riƙo.